Tambaya da Amsa: 'Yata Ta Fara Yi wa Kakarta Faɗa a Kan Leda

TAMBAYA

  Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu, muna zaune a gidan haya a cikin birnin Kano tare da surukata. Babbar 'yata shekararta 11. Tun da aka koya musu darasin muhalli da sauyin yanayi a makaranta ta zo mana da sabon hali. Kwanan baya ta ga kakarta tana hura wuta da leda, sai ta ce mata wai tana shayar da mu guba. Hajiya ta ji haushi ƙwarai, har yau ba ta sake da ita ba. Wani dare kuma na same ta tana kuka, wai an ce musu hamada za ta cinye Arewa. Ƙannenta maza kuwa ko a jikinsu, in sun sha fiya wata a nan inda suke tsaye za su yar da ledar. Maigidana ya ce duk wannan surutun 'yan boko ne, aikin gwamnati ne, talaka ya ji da abin da zai kai bakinsa. Ni kuma ina ganin yarinyar tana da gaskiya, domin da daminar bara kwatar layinmu ta toshe, ruwa ya shigo mana har ɗaka. Sai dai ba mu da fili, ba mu da famfo, a wurin 'yan garuwa muke sayen ruwa, gas ma ba kullum ba. Yaya mai ƙaramin ƙarfi irina za ta yi ta tarbiyyantar da 'ya'yanta su san darajar muhalli, ba tare da sun raina manya ko sun shiga firgici ba?

Uwar yara huɗu, daga Kano

AMSA

 'Yar'uwa, Allah Ya raya miki zuri'a, Ya saka miki da alheri da ba ki kashe wa yarinyar nan gwiwa ba.

Da kukan daren nan zan fara, don shi ya fi tsaya mini a rai. Kada ki ce mata ƙarya aka faɗa musu, gobe za ta gano ba ƙarya ba ce, ta daina kawo miki damuwarta. Kwararowar hamada gaskiya ce. Saboda ita ne Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa a 2007, kuma Kano tana cikin jihohi 11 na Arewa da shirin ya shafa a Najeriya. Amma rabin labarin aka ba ta, kuma rabin da ke tsorata yaro. Ɗaya rabin yana nan kusa da mu, bayan Katsina kaɗan, a ƙasar Maraɗi.

A farkon shekarun 1980 gonakin Maraɗi sun zama fako. An sassabe itatuwa ƙaf, iska tana kwashe ƙasa, manomi ya yi shuka rairayi ya binne ta, ya sake, ya sake. Ƙungiyoyi sun yi ta kawo dashe daga gandun renon itatuwa, mafi yawa suna mutuwa, wasu rana ta ƙona, wasu awaki su cinye. Wani masanin noma ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo yana cikin masu wannan wahala. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da ke warwatse a gonaki, waɗanda kowa ke ɗauka ciyayin banza ne yana sassabewa kafin shuka, ashe tohon kututturan itatuwan da aka sare ne. Saiwoyinsu suna nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake bukata kaɗan ne: a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran, a tsare su daga dabba da gatari. Tun da saiwar ta riga ta yi nisa, cikin 'yan shekaru sai ga itace ya miƙe. Ba rijiya, ba injin ban ruwa, wuƙa ce kawai da haƙuri.

Manoma da fari sun yi ta dariya, don a wurinsu gona mai tsabta ita ce wadda ba itace a cikinta. Akwai kuma wani cikas da ya fi dariyar girma. A lokacin doka ta mallaka wa hukuma itatuwa, manomi zai iya shan tara a kan itacen da ya tsiro a gonarsa, to me zai sa ya rene shi? Da aka sassauta wannan, manomi ya tabbata itacen nasa ne, shi zai sari reshensa ya yi girki ko ya kai kasuwa, sai abin ya bazu daga gona zuwa gona, maƙwabci yana koya daga maƙwabci. Masu binciken da suka duba hotunan tauraron ɗan adam daga baya sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a yankunan Maraɗi da Damagaram, da itatuwa wajen miliyan 200. Da yawansu gawo ne, itacen nan mai abin mamaki da ke zubar da ganye da damina, ya bar wa gero hasken rana da taki, sannan ya yi kore shar da rani lokacin da dabbobi ke neman abin ci. Hausawa ne 'yan'uwanmu suka yi wannan aiki, talakawa irinmu. Ki ba ta wannan labari da daddare, a daidai lokacin da ta saba kukan.

Ki kuma sauke mata nauyin da ba nata ba. Nahiyar Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da abin da ya wuce kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Yarinya 'yar shekara 11 a gidan haya ba ita ta jawo sauyin yanayi ba, ba kuma ita za a tambaya ba. Abin da za a tambaye ta shi ne abin da aka damƙa a hannunta.

A nan ne amsar tambayarki take. Ban kawo labarin Maraɗi don lallashi kaɗai ba. Manoman can ba wa'azi ne ya sa suka tsare itace ba, mallaka ce. Haka yaro yake. Ki yi ta faɗa masa muhalli, muhalli, ba zai ga komai ba sai bakinki da ke motsi. Amma ki ce masa, wannan zogalen naka ne, in ya mutu naka ya mutu, sai ki ga yaron da ba ya tashi sai an yayyafa masa ruwa ya riga ki fita tsakar gida.

Rashin fili ba zai hana ba. Ki samo tsofaffin buhunan shinkafa ko fasasshen bokiti, kowane yaro da nasa, har ɗan autan. A huda ƙasansa don kada ruwa ya kwanta, zogale ba ya son jiƙewa da yawa. A cika da ƙasa haɗe da busasshen kashin awaki. Ƙwayar zogale takan tsiro cikin mako ɗaya zuwa biyu, kuma wannan saurin shi ya sa na zaɓe shi, don haƙurin yaro gajere ne. Idan ya kai tsayin ƙugun babba a tsinke kansa, sai ya yi rassa maimakon ya zama sanda. Cikin 'yan watanni za ki tsinki ganye. Ranar da kika yi kwaɗo ko miya da shi, ki faɗa a gaban babansu cewa yau zogalen wane muke ci. Wanda ya fi son abin da ke nuna da wuri a ba shi alayyafo ko yakuwa. Ledojin fiya watan ma suna da amfani a nan: a yanke bakinsu, a huda ƙasa, a cika da ƙasa a rene iri a ciki, kamar yadda masu sayar da dashe a bakin titi suke yi. In na wani ya bushe kada ki yi faɗa, kada kuma ki saya masa wani a ɓoye. Ku tone tare ku ga ko ruwa ne ya yi yawa ko akuyar maƙwabta ce, a sake shukawa.

Ruwan ban shukar kuwa ba sai kin ƙara wa ɗan garuwa ko kwabo ba. A ajiye roba a inda ake alwala ta tare abin da ke zuba, a haɗa da ruwan wankin shinkafa da na ganye. Ruwan sabulu a kai shi banɗaki ko a yayyafa wa tsakar gida kafin shara. Ke da kike sayen ruwa jarka-jarka kin fi mai famfo sauƙin koyar da wannan darasi, domin yaranki suna ganin kuɗin yana fita daga hannunki. Ki haɗa musu da abin da suke karantawa a Islamiyya. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu guda na ruwa, mudun nan da bai kai lita 1 ba. Ki auna musu shi a buta su gani da idonsu, ki ce kowa ya gwada ko zai ishe shi. Yara suna son gasa, za su mayar da shi wasa, wasan ya zama ɗabi'a. Ya kuma tabbata cewa wanda ya dasa itace, duk mutum ko tsuntsu ko dabbar da ta ci daga gare shi sadaka ce ga mai dashen, kuma kawar da abin cutarwa daga hanya yanki ne na imani. Wanda ya ce kula da muhalli kayan 'yan boko ne, sai a tambaye shi ko waɗannan ma daga boko suka zo.

Sai maganar samarin naki da leda. Kafin ki duba hannunsu ki duba na manyan gidan, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. In sun ga babba ya sha ruwa a cikin A Daidaita Sahu ya wurga ledar titi, duk abin da za ki faɗa a gida ya tashi a banza. Ki zama mai cusa taki ledar a jaka har ku iso gida, ba tare da kin ce komai ba. Za su tambaye ki dalili da kansu, kuma amsar da yaro ya nema ta fi zama a kansa.

Daga nan ki raba sharar gidan uku, ki naɗa wa kowace mai kula. Ɓawon doya, na dankali, guntun ganye da dusa su tafi wurin akuya ko kaji, in babu a gidan akwai a maƙwabta. Gorunan roba, gwangwani, tsohon ƙarfe da fasassun robobi a tara a buhu, ranar da 'yan jari bola suka biyo layi a sayar, kuɗin kuma na yaran ne, a jefa musu a asusu. Ba wani kuɗin kirki ba ne, amma yaron da ya taɓa karɓar naira a kan gorar lemo ba zai ƙara kallonta a matsayin shara ba. Ragowar ita ce za ta tafi bola. Ki ja musu kunne sosai a kan abu ɗaya: abin da gidanku ya samar kawai za su tara, ban da zuwa tonon bola, inda allurai da fasassun kwalabe suke. Tsohon batir, musamman na mota da na sola, kada ya zama abin wasa ko a fasa shi a gida, akwai dalma a ciki. Ba mu manta da Zamfara ba, inda a 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariyar da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400. Duk gubar da ta shigo tsakar gida, mai rarrafe take fara samu.

Akwai darasin da ya fi duk maganata shiga. In Sallar Layya ta zo, ko kin aike su sayen kayan ciki, ki sa su tambayi mahauci abin da yake tararwa in ya farka tumbin akuyar cikin gari. Zai faɗa musu, wataƙila ma ya nuna musu: leda ce dunƙule, ta murɗe ta yi tauri. Dabba takan haɗiye ta don ƙanshin abincin da ya rage a jiki, cikinta kuma ba ya iya narkar da ita. Sai ta cika wurin da abinci zai zauna, dabbar ta yi ta ramewa alhali ana ba ta harawa, har ta mutu. Yaron da ke son ɗan akuyarsa, in ya ga wannan sau ɗaya ya ishe shi.

Yanzu ga batun Hajiya, wanda ya fi bukatar lalama. Yarinyarki ta faɗi gaskiya a kan hayaƙin. Roba da leda in suna ci da wuta suna fitar da hayaƙi mai cutar da huhu da idanu, kuma wadda ta sunkuya tana hura wutar ita ta fi kowa shaƙa, sai goyon da ke bayan mai girki. Amma gaskiya ba ta ba jika izinin tsawata wa kaka ba. Ki zaunar da ita ku biyu, ki ce mata iliminta daidai ne, harshenta ne ya kauce. Ta je ta durƙusa ta ba Hajiya haƙuri, haƙuri zalla, ba tare da ta maƙala masa wani amma ba. Sannan ki ba ta aiki: ita ce daga yau mai tanadar wa kakarta abin kama wuta. Ƙirare, karan dawa, totuwar masara, tsohuwar takarda, ta tara a kwali a ajiye kusa da murhu inda ruwa ba ya taɓawa. Hajiya ba don ƙaunar leda take hura wuta da ita ba, don ita ce a kusa kuma tana kamawa da wuri. In ta miƙa hannu ta sami abin da ya fi, ba sai an yi gardama ba. Maganar lafiyarta kuma ɗanta ne ya kamata ya yi mata, ba ke ba, ba jika ba.

Ni da zan so ma yarinyar ta mayar da kakarta malama. Ta tambaye ta: Hajiya, da can da babu leda, da me kuke zuwa cefane? Za ta ji labarin kwando da ƙwarya da faifai, da kwalbar da ake zuwa da ita sayen man gyaɗa, da gwangwanin alale da ake wankewa a sake zubawa, da randar da ke sanyaya ruwa ba wutar lantarki. Za ta ji yadda tuwon dare ke zama ɗumamen safe, ƙanzo ya zama abin kwaɗo, tsohon zane ya zama tsumman goyo. Mutanen zamanin Hajiya kusan ba su da abin da ake kira shara, domin komai nasu yana ruɓewa ya koma ƙasa. Sharar birnin Kano kanta dukiya ce a da. Manoman karkarar da ke kewaye suna shigowa da jakuna, su cika mangala da ita su kai gona ta zama taki, kuma da wannan ake noma gona ɗaya shekara da shekaru ba a bar ta ta huta ba. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya yi rubutu mai yawa a kan wannan noma na kewayen Kano. Yau in kin bi ta gonakin bayan gari inda aka zuba takin bola, baƙar leda za ki gani tana kaɗawa a kan kunya. Tsohuwar da ke gidanki ta ga zamanin biyu da idonta, abin da babu littafin makarantar da zai ba yarinyar. Kuma babu abin da ke wanke zuciyar tsoho kamar a zo a ce ya koyar.

Maigidanki kuma kada ki ɗauke shi abokin gardama, yana da rabin gaskiya. Akwai abin da ya fi ƙarfin gida. Da madatsar ruwan Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024 ruwa ya mamaye Maiduguri, ba ledar wani yaro ce ta jawo ba. Ruwanda da ta hana jakar leda a 2008, da Kenya da ta bi sahu a 2017, da doka suka yi, ba da roƙo ba. Kwashe bola, gina manyan magudanai da hana gini a kan hanyar ruwa duk hakkin hukuma ne, kuma yana da kyau yara su taso sun san ana tambayar shugabanni a kan wannan. Amma kwatar da ta cika muku ɗaki bara, ba daga wata ƙasa aka zo aka toshe ta ba. Kowa ya san al'adar nan ta fito da shara a juye a kwata da zarar hadari ya haɗu, wai ruwa ya tafi da ita. Ba ta zuwa ko'ina, a ƙarƙashin gadar gaba take tsayawa, ruwan ya dawo gidan wanda ya fi kowa gangare. Inda ruwan ya kwanta kuma sauro ya samu wurin ƙwai, cikin kamar kwana 10 ya tashi da fiffike. Ki yi wa maigidan lissafi da harshen da ya fi ji: katifar da ta jiƙe, da kuɗin maganin zazzaɓin yara huɗu a damina ɗaya. Kada ki ce masa muhalli, ki ce masa asara.

In ya saurara, aikin da ya dace da shi yana waje. Ke ba za ki bi gida-gida kina hana maƙwabta zubar da shara ba, rigima za ki jawo wa kanki a gidan haya. Amma shi zai iya yi wa mai unguwa magana, ya roƙi liman ya taɓo batun bayan sallar Magariba, a sa ranar gayya a yashe kwatar layin tun a watan Afrilu ko farkon Mayu, kafin ruwan farko, ba a jira Agusta lokacin da ta riga ta cika ba. Asabar ɗin ƙarshen wata da aka keɓe don tsabtar muhalli ta dace da wannan, tun da dama an hana zirga-zirga da safe. Ya fita da samarin. Kada su shiga cikin kwatar, ƙazantarta ta fi ƙarfin yaro, amma su riƙe buhu, su miƙa shebur, su kawo wa masu aiki ruwan sha, su wanke hannu da sabulu in an gama. Abin da aka yaso kuma a tabbata an kwashe shi a ranar, domin in aka tara shi a bakin kwata ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito.

Allah Ya shirya mana su baki ɗaya, Ya ba mu damina mai albarka.